Ina Milimita Bakwai Suka Shiga?

Ga kacici-kacici daga ɗakin likitan haƙori. A ce yarinya ce mai shekara 14, haƙoranta na gaba sun turo har leɓe ba ya rufuwa sai ta matsa. Likitan daidaita haƙora ya cire mata haƙori ɗaya a kowane gefe na sama, ƙaramin turmin da ke bayan fiƙa, domin a sami wurin da na gaba za su koma. Kowane giɓi ya kai kimanin milimita 7. Aka liƙa ƙarafa, aka zura waya, aka ɗaure roba tana ja. Bayan watanni giɓi ya rufe ruf. Uwa ta yi hamdala, ta ce ɗiyar ta yi murmushi. Haƙoran gaba na nan a ture, kaɗan suka gusa. To, wa ya cinye filin?

Wadda aka fara tuhuma ita ce yarinyar. Ai yaran yanzu, in ji uwar, ba sa jin magana, ƙila ta sha rake ta ɓalle waya. Likita ya duba. Waya lafiya lau, babu abin da ya ɓantare. Kuma da waya ta tsinke, ai giɓin ba zai rufe ba. An sallami yarinyar.

Sai harshe. Wannan kam yana da tarihin laifi, domin harshen da ya saba kwanciya a jikin haƙoran gaba yana iya hana su zama inda ake so. Ni ma da shi zan fara in da ni ke bincike. Amma in ya hana na gaba komawa, giɓin zai tsaya a buɗe yana kallonmu. Ga shi kuwa ya rufe.

Ko muƙamuƙin sama ne ya girma ya tafi da haƙoran gaba? Yarinya ce, girma na yiwuwa. Aka ɗora hoton ƙashin kai na farko a kan na yanzu. Girman bai taka kara ya karya ba.

Saura shaida ɗaya, kuma tana cikin bakinka kai mai karatu. Kai harshenka bayan haƙoran gaba na sama. Ka ji wasu layuka masu tudu a kan ganɗa? Na can ciki daga cikinsu ba su cika motsi ba ko da haƙora sun yi tafiya, shi ya sa likitoci ke auna nisa daga gare su. Aka auna. Na gaba sun koma baya milimita 3. Saura 4. Aka juya ma'auni baya.

Ka ba ni gari?

Turmi ne. Babban turmin sama, wanda aka ɗaura robar a jikinsa don ya zama turke. Shi ya tako gaba, a hankali, babu wanda ya gani.

Ba mugunta ya yi ba. Tun 1687 Isaac Newton ya rubuta cewa duk abin da ka ja, shi ma yana jan ka da ƙarfi daidai da naka. Roba ba ta san na gaba ba, ba ta san na baya ba, duka bakinta biyu take ja. Haƙori kuma ba a kafe yake cikin ƙashi ba. Wani siririn zare na nama, kaurinsa kusan kashi ɗaya cikin biyar na milimita, shi ke riƙe da saiwarsa. In matsi ya daɗe a gefe ɗaya, jiki sai ya narkar da ƙashin wannan gefen ya gina sabo a ɗaya gefen. Da wannan dabarar ake mayar da haƙoran gaba, da ita kuma turmi ke sulalewa. Yana da saiwa uku, gaskiya ne, amma shi da ɗan'uwansa na ɗaya gefen haƙora shida suke ja, cikinsu har da fiƙoƙi masu saiwa mafi tsawo a baki. Ƙashin sama bai kai na ƙasa tauri ba, kuma dama turame na da halin gusawa gaba da zarar sun ga fili. Wani lokaci ma juyawa yake yi a kan saiwarsa ta wajen ganɗa kafin ya taka.

Likitoci sun daɗe da sanin halinsa. A 1947 Hays Nance a Amurka ya bayyana wata waya da ke fita daga zobban da aka sa wa turame biyu zuwa wani ɗan faifan roba mai tauri da ke jingine da ganɗa. Tana taimakawa, sai dai ganɗa nama ne, faifan kan nutse ciki, abinci kuma ya maƙale ƙarƙashinsa. Akwai kuma ƙarfen da ke fitowa waje a ɗaure shi da maɗauri a wuya ko ƙeya. Yana aiki sosai, in yaro ya yarda ya sa shi awa 12 zuwa 14 kullum. In ya yarda fa.

A 1972 Robert Goshgarian ya fito da sandar da ke ratsa ganɗa ta haɗa turmin dama da na hagu, mai ɗan lanƙwasa a tsakiya. Shekara da shekaru ana ɗaukarta mai gadi. Sai a 2008 wani bincike na Zablocki da McNamara da abokan aikinsu ya kwatanta waɗanda aka sa wa sandar da waɗanda ba a sa wa ba. Bambancin tafiyar turmi gaba bai zama abin a zo a gani ba. Sandar tana hana shi juyawa, tana riƙe faɗin baka, amma turame biyu da aka haɗa suna iya tafiya tare.

Abin da ya fi tsayar da shi a yau ƙaramar ƙusa ce ta ƙarfen titaniyam, irin wadda Ryuzo Kanomi na Japan ya bayyana a 1997. Ana murɗa ta cikin ƙashi tsakanin saiwoyi ko a ganɗa, bayan an kashe zafin wurin da allura, a ɗaura robar a kanta maimakon turmi. Ba ta da wancan zaren naman, don haka jiki ba ya tafiyar da ita kamar haƙori. Takan yi sako-sako a wasu mutane, sai a sake mata wuri. In aiki ya ƙare a warware ta, ramin ya cike da kansa.