Yadda A Ke Tarar Ƙwallo

In ka zaga Birnin Zariya da la'asar, ko ta Ƙofar Doka, ko ta Ƙofar Gayan, za ka ga samari suna wasan ƙwallo a fili. Kowa ya iya bugu. Amma ba kowa ya iya tara ba. Sau da yawa a kan miƙo wa yaro ƙwallo, ya sa ƙafa, ƙwallon ya yi tsalle ya tafi wurin abokin gāba. Wahalar mutum goma ta tashi a banza ke nan.

Me ya kawo haka? Ƙwallo iska ce a cikinsa, nauyinsa kuwa bai wuce giram 450 ba. In ya bugi abu mai tauri sai ya koma baya.

Ku dubi magini a bisa katanga. In an jefo masa tubali ba ya sandare hannu. Ya kan bi tubalin da hannu kaɗan, don kada ya fashe. To, haka a ke tarar ƙwallo.

Da fari, kafin ƙwallo ya iso, ɗaga kai ka duba dama da hagu, ka san inda abokan gāba su ke. Kada ka tsaya jira, taho ka tarye shi. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani.

Na biyu, juya gefen ƙafarka na ciki, watau wurin da ya fi faɗi. Saki ƙafar, kada ka ƙage ta. Da ƙwallon ya taɓa ta, sai ka ja ta baya kaɗan. Nan zai kwanta.

Na uku, in ya zo ta sama, tare shi da cinya ko ƙirji, ka lanƙwasa gwiwa. Hannu kuwa laifi ne, sai ga gola a cikin gidansa.

Na huɗu, kada ka ajiye shi ƙarƙashinka. Tura shi taki ɗaya wajen da babu kowa.

A shekarar 1996, a wasannin Olimfik na Amurka, Brazil tana gaban Nijeriya da ci 3 da 2, lokaci ya kusa cika. Ƙwallo ya zo wa Nwankwo Kanu a bakin raga, ya ba gola baya. Ya ɗaga shi kaɗan da ƙafa, ya juya, ya jefa a raga. Daga baya ya ƙara ɗaya, aka tashi 4 da 3.

Wannan gwaninta ba a samunta rana ɗaya. Nemi bangon siminti, ka buga, ka tare, sau 50 da dama, sau 50 da hagu. Kada ka bugi katangar ƙasa ta maƙwabci, ka jawo wa mahaifinka magana. Yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya.

Tambayoyi
1. Don me ƙwallo ya ke tsalle daga ƙafa mai tauri?
2. Da wane gefen ƙafa a ke tara?
3. Wa aka yarda ya kama da hannu?