Ciyawar ado a ƙasar da rani ya fi damina tsawo

A watan Agusta kowace ciyawa kyau take yi a Kano, har wadda ba wanda ya shuka. Gwajin gaskiya sai Afrilu, lokacin da bazara ta tsananta, rijiyoyi suka ja baya, 'yan garuwa suka ƙara kuɗin jarka. A nan ne ciyawar kafet, mai faɗin ganye da aka saba gani a Kudu, take tona asirin mai gida. Saiwarta ba ta nitsewa cikin ƙasa, danshi da inuwa take so. Kwana kaɗan aka fasa ba ta ruwa sai ta yi faci-faci.

Kirikiri kuwa 'yar gida ce. Ita ce ciyawar da Amurkawa ke kira Bamuda suna shimfiɗawa a filayen wasa, alhali manomanmu na tsine mata don wuyar nome ta. Wannan taurin kai shi ne amfaninta. Tana yaɗo a sama, tana kuma da jijiyoyi a ƙarƙashin ƙasa, saiwarta kan wuce mita ɗaya a ƙasa mai laushi. Idan hunturu ya shigo ta rasa ruwa, sai ta koma ruwan ƙasa kamar ta mutu, amma ruwan farko na sauka za ta tofo. Aibinta biyu: ba ta jure inuwa, ƙarƙashin darbejiya sai ta yi ta ramewa, sannan tana kutsawa cikin furanni in ba a yi mata iyaka ba.

Mai son kore shar shekara zagaye, ya duba abin da Ƙatar ta kashe a gasar cin kofin duniya ta 2022. An shuka ciyawar fasfalam mai jure gishiri, aka watsa mata irin wata ciyawar ƙasashen sanyi daga Amurka, har da hura wa filayen iska mai sanyi don ta tsiro. A wancan lokacin kowane fili na shan kimanin lita 10,000 a rana lokacin sanyi, 50,000 lokacin zafi, ruwan teku ne kuma da aka tace.

Makaranta ko asibitin da ke dogaro da rijiyar burtsatse ɗaya bai kamata ya bi wannan sahu ba. A shuka kirikiri da farkon damina. Da rani a ba ta ruwa da sassafe, mai yawa amma jefi-jefi, don saiwar ta bi danshi ƙasa. Yayyafin kullum da tsakar rana, kaso mai yawa a tururi yake tafiya.