Saurin Uwar Garke da Amincin Ajiya: Tsarin NFS da Taskace Rubuce-rubucen Ajami

Gabatarwa

Rano ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai, kuma ita da maƙwabciyarta Kibiya, kamar sauran sassan ƙasar Kano, suna da gidajen malamai da ke riƙe da tsofaffin takardun Larabci da ajami. Ɗaukar hoton irin waɗannan takardu shi ne matakin farko na ceto su daga gara da damshi. Mataki na biyu, wanda manazarta ba su cika kula da shi ba, shi ne inda hotunan za su zauna. Wannan maƙala ta yi bayanin yadda uwar garke, wato kwamfutar da ke ajiye fayiloli tana raba wa sauran kwamfutoci, take ƙara sauri, da kuma abin da saurin kan jawo.

Asalin Tsarin

Kamfanin Sun Microsystems na Amurka ne ya ƙirƙiro tsarin NFS a shekarar 1984, domin kwamfuta ta buɗe fayil ɗin da ke kan wata kwamfutar tamkar a kan nata faifan yake. A manhajar Linux, da farko aikin yana gudana ne a wajen zuciyar manhajar, wato sashen da ke sarrafa faifai da ƙwaƙwalwa da hanyar sadarwa kai tsaye. Wannan ya sa ake ta kai-komo da bayanai tsakanin sassan biyu. Da aka shigar da aikin cikin zuciyar, sai yawan kwafin ya ragu, amsa ta yi sauri.

Hanyoyin Ƙara Sauri

Hanya ta farko ita ce faɗaɗa mudun awo. Zubi na biyu na NFS, wanda aka wallafa ƙa'idojinsa a 1989, ba ya ɗaukar fiye da kilobayit 8 a kowace buƙata. Ke nan hoton shafi ɗaya mai nauyin megabayit 50 sai an yi sawu 6,400 kafin ya isa. Linux na yanzu yana iya ɗaukar megabayit 1 a sawu ɗaya, sawu 50 ke nan.

Hanya ta biyu ita ce yawan ma'aikata. A cikin zuciyar manhajar akwai ƙananan ayyuka da ke amsa buƙatu, waɗanda adadinsu na asali ya daɗe yana 8. Idan masu ɗaukar hoto da masu karatu suka yi yawa, layi kan yi tsawo, sai a ƙara adadin gwargwadon ƙarfin na'urar.

Hanya ta uku ta shafi rubutu. Zubi na biyu ya wajabta wa uwar garke ta rubuta kowane gutsure a faifai kafin ta amsa. Zubi na uku, na 1995, ya ba ta dama ta tara bayanai a ƙwaƙwalwa, sannan mai turowa ya nemi tabbaci a ƙarshe, yana riƙe da nasa kwafin har tabbacin ya zo.

Inda Haɗarin Yake

Akwai wani zaɓi mai suna async da ke sa uwar garke ta ce ta ajiye, alhali bayanan suna ƙwaƙwalwa ba su kai faifai ba. Saurin kan ƙaru ƙwarai, amma ƙwaƙwalwa ba ta riƙe komai idan wuta ta ɗauke. A ce an aro kundi daga wani malami a Kibiya, an ɗauki hotonsa a Rano, an mayar masa. Idan lantarki ya yanke a daidai wannan lokaci, shafuka na iya salwanta ba tare da wani gargaɗi ba, kuma ba lallai ne a sake samun kundin ba.

Kammalawa

Faɗaɗa mudu da ƙara ma'aikata riba ce da ba ta taɓa amincin ajiya. Shi kuwa zaɓin async ciniki ne tsakanin sauri da tabbas. Duk cibiyar da ke taskace kayan tarihi a inda lantarki ba ya zama, ya kamata ta bar shi a kashe, ta tanadi batirin ko-ta-kwana, ta kuma ajiye kwafi na biyu a wani wuri daban.