Doki, Haraji da Sarauta a Ƙasar Karaye Kafin Jihadi

Gabatarwa

Wanda ya tsaya yau a Rogo Sabon Gari ya dubi gonakin da suka kewaye garin, da wuya ya kawo a ransa cewa wannan yanki ya taɓa zama bakin daga. Amma ƙasar Karaye da Rogo, da yake a nan ne Kano ta yi iyaka da Katsina da Zazzau, ta daɗe tana ɗauke da nauyin tsaron masarauta ta fuskar yamma. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna, ta hanyar abin da ya auku a Karaye, yadda sarauta da haraji da rundunar yaƙi suka kasance igiya guda a daular Kano kafin jihadi.

Tushen tsarin

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kanajeji (1390-1410) aka fara amfani da lifidi da sulke da kwalkwali. Tun daga nan ƙarfin sarki ya koma kan mahaya. To, barde kuwa abu ne mai cin dukiya: sai an sayi doki, an yi masa lifidi, an ajiye mai yankan ciyawa, an tanadi dawa shekara da shekara. Saboda haka sarki yakan raba garuruwa ga masu sarauta, su karɓi abin da ƙasa ta bayar, su riƙe rabonsu, su miƙa na fada, sa'an nan ranar da aka buga tambari kowa ya fito da dawakinsa.

Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) shi ne ya daidaita wannan tsari. Ya kafa majalisar Tara ta Kano, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya kuma ba bayin fada muƙamai domin kada 'ya'yan sarauta su fi ƙarfinsa. A zamaninsa ne Shehu Magili ya sauka Kano, ya rubuta masa littafi kan wajiban mai mulki, inda ya bayyana cewa baitulmali ba ya cika sai ta hanyar halal, kamar zakka da jiziya da humusin ganima, kuma ƙwace dukiyar talaka zalunci ne. Wannan ita ce ƙa'ida a rubuce. Yaƙi ne ya zo ya gwada ta.

Wambai Giwa a Karaye

A zamanin Sarki Muhammadu Nazaki (1618-1623) Katsinawa suka ƙi sulhu, suka kawo hari. Aka yi karo a Karaye, Kanawa suka yi nasara. Bayan haka Wambai Giwa, wanda ya riga ya yi suna saboda faɗaɗa ganuwar birni ta wajen Ƙofar Kabuga da Kansakali, ya tare a Karaye. Daga nan yake kai wa Katsinawa farmaki ba ƙaƙƙautawa, yana tara ganima, har aka ce ya mallaki 'yan lifidi ɗari da dawaki dubu.

A nan ne matsalar take. Idan mai tsaron iyaka ya yi rauni, abokan gaba su kutso; idan ya yi ƙarfi, fada ta kasa barci. Ganimar da ke ciyar da rundunar Wambai ba ta hannun sarki take biyowa ba, watau biyayyar mayaƙa tana ga wanda ke ba su ci. Fadawa suka fara zargin zai yi tawaye, kuma da Kutumbi (1623-1648) ya hau gado, sai aka tuɓe shi.

Daga ganima zuwa haraji

Ana iya fahimtar manufofin Kutumbi ta wannan fuska. Shi ne sarkin Kano na farko da ya karɓi jangali daga Fulani makiyaya: shanu ɗari daga Jahunawa, wasu kuma saba'in, wasu sittin, wasu hamsin. Abin lura shi ne wanda ya danƙa wa wannan dukiya. Bawansa ne ya naɗa Sarkin Shanu, ba wani basarake mai gari da mayaƙa ba. Ta haka sarki ya sami kuɗin shiga na kansa, wanda ba ya jiran sa'ar yaƙi, ba ya kuma bi ta hannun wanda zai iya juya masa baya.

Sai dai ƙofar da aka buɗe ba ta rufu ba. Sarki Muhammadu Sharefa (1703-1731), wanda a zamaninsa ne wuri ya shigo ƙasar Hausa, ya ƙirƙiro haraji iri bakwai, har da na budurwar da za a aurar da na Kasuwar Kurmi. Magajinsa Kumbari (1731-1743) ya matsa wa Kurmi lamba har kasuwar ta kusa mutuwa, ya kuma ɗora wa malamai haraji. Sakamakon haka Larabawa fatake suka koma Katsina, talakawa da yawa suka watse ƙauyuka. Garin neman ƙiba, an samo rama: kuɗin da aka tatsa domin a ƙarfafa Kano sai ya kora arzikinta zuwa ga tsohuwar abokiyar hamayyarta.

Kammalawa

Sa'ad da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya jera laifuffukan sarakunan Hausa a cikin Kitabul Farƙ, jangali da kuɗin gari suna cikinsu, kuma a 1807 mulkin Sarki Alwali ya zo ƙarshe. Ke nan ƙa'idar da aka rubuta wa Rumfa ita ce aka dawo aka yi wa magadansa hukunci da ita bayan shekara ɗari uku. Tarihin Karaye ya nuna cewa daula tana iya tsare iyakarta da doki, tana iya tsare gadonta ta hanyar tuɓe mai doki, amma dawar da dokin ke ci daga rumbun talaka take fitowa. Ranar da mai rumbu ya gaji, ganuwa ba ta da amfani.