"Hajiya, Akwai Wannan?": Amsa Wa Mai Saye A Cinikin Waya

Gaisuwa ta musamman ga matan Kutemeshi da Kuyello da Tabanni da Dogon Dawa, da sauran garuruwan ƙasar Birnin Gwari, domin zancenmu na yau ya fi shafarku, ko da yake duk macen da ke sana'a daga ɗakinta za ta tsinci abin ɗauka.

Sana'a a cikin kulle ba baƙuwarmu ba ce. Kakanninmu sun yi ƙuli-ƙuli da daddawa, sun kaɗa zare, ba tare da sun taka kasuwa ba. Yara ke kai talla, dillaliya ke bi gida-gida da ƙunshin kaya a ka. Har wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta yi rubutu a 1969 a kan wannan ciniki na cikin gidaje, ta kira shi ɓoyayyen ciniki. Abin da ya sauya a yau shi ne waya ta karɓi aikin dillaliya. Ki ɗauki hoton atamfa ko hijabi ko turaren wuta ki ɗora a WhatsApp, kafin ki sauke tukunya saƙo ya shigo: "Hajiya, akwai wannan?"

To, wannan 'yar gajeruwar tambaya ita ce zancenmu. Idan dillaliya ta shigo gida, kaya na shimfiɗe a tabarma, mai saye ta taɓa, ta juya, gani ya kori ji. A waya kuwa hoto kaɗai take gani. Ba ta san abin da ke cikin akwatinki ba, sai abin da bakinki ya faɗa mata. A kan wannan kalma taki za ta tura kuɗinta, a kanta za ta fasa nema a wani wuri. Ashe kuwa "akwai" ba ƙaramar magana ba ce.

Amsar gaskiya iri uku ce, uwargida. Ta farko, akwai a hannuna. Ta biyu, ya ƙare. Ta uku, ba ya hannuna amma zan iya sa a kawo. Yawancin rigimar da ake yi tsakanin mai sayarwa da mai saye daga wuri guda take tasowa, wato a ce "akwai" alhali kayan suna can rumfar wani a Funtuwa ko a Kantin Kwari a Kano. Hoton ma daga can aka turo shi. Mai saye ta tura kuɗi, ke kuma ki kira mai rumfa ya ce ai wannan zanen tun shekaranjiya aka kwashe. Daga nan sai a shiga "gobe, jibi", sai a fara ƙin ɗaga waya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, in ji masu iya magana.

Mu fara da amsa ta farko. Kafin ki ce akwai, tashi ki duba da idonki. Kada ki dogara da tunani, domin mace mai girki da raino da wanki ba za ta riƙe lissafin kowane kaya a ka ba. Nemi ɗan littafi irin na 'yan makaranta, ki ware wa kowane kaya shafinsa: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. In rubutun na ba ki wuya, 'yarki mai zuwa makaranta ta riƙa rubuta miki bayan sallar isha'i. Wanda kika bayar bashi ko kika aika wa kishiya ko maƙwabciya ta gani, shi ma a cire shi daga lissafi, don ya bar hannunki.

Sannan kada ki tsaya a "akwai" kawai. Tambaye ta: "Yaya, guda nawa kike so, wace kala, yaushe kike bukata?" Ga misali. Uwar amarya na neman atamfar anko turmi 12 iri ɗaya, ke kuma 4 suka rage miki. In kika ce akwai, ba ki yi ƙarya ba, amma kin jefa ta a rami. Za ta sanar wa dangi an samu anko, a tara kuɗi, sai ana saura mako guda biki a gano sauran 8 ba za su samu ba. Wannan kunya ba za ta manta da ita ba, kuma a wajen bikin nan za a yi ta ambaton sunanki. Abin da ya dace ki ce shi ne: "Hajiya, turmi 4 gare ni a hannu. Bari in tambaya a Kano ko akwai sauran, zan ba ki amsa kafin la'asar, kada ki turo kuɗi tukuna."

Amsa ta biyu ita ce mata da yawa ke jin nauyinta. Sai ki ga mace na ganin in ta ce ya ƙare, ta kori ciniki. A'a, 'yar uwa. Wadda kika gaya wa gaskiya yau, ita ce za ta dawo gobe, har ta jawo miki ƙawarta. Sai dai akwai yadda ake faɗa. Kada ki jefa mata "babu" ƙwaya ɗaya kamar kina korar kaza. Ki ce: "Wayyo Anti, wannan ya ƙare jiya. Akwai mai kama da shi ruwan toka, bari in turo miki ki gani. In kuma wancan kike so, zan sanar da ke ranar da ya iso." In ta ce wancan ɗin take so, ki rubuta sunanta, kuma ki cika alkawari. Abin da ba ya halatta shi ne ki karɓi kuɗin ja ki aika da ruwan goro ba shawara, wai ai duk ɗaya ne.

Ki kuma lura da tsofaffin hotuna. Abin da kika ɗora a sitatus na WhatsApp yana ɓacewa bayan awa 24, amma wadda ta adana shi a wayarta tana iya turo miki shi bayan wata biyu. Wanda kika tura a zauren mata kuwa yana nan zaune. Saboda haka in kaya ya ƙare, koma ki rubuta a ƙarƙashinsa cewa an sayar. Masu amfani da WhatsApp Business, wanda aka fito da shi a 2018 domin 'yan kasuwa, suna da wurin jera kaya da farashi, kuma ana iya ɓoye wanda ya ƙare har ya dawo.

Yanzu ga amsa ta uku, wadda ta fi shafar matan Kutemeshi. Mace a cikin Kano in kaya ya yanke mata, yaro za ta tura Kwari ya dawo kafin azahar. Ke kuwa tsakaninki da babbar kasuwa akwai tafiya, akwai daji, akwai jiran ranar da mota za ta tashi, ga damina in ta ɓata hanya. Ba mu manta ba, a ƙarshen Satumba na 2021 gwamnatin jihar Kaduna ta sa aka rufe layukan waya a wasu sassan jihar, har da Birnin Gwari, saboda matsalar tsaro, aka kuma hana hawa babur. Sai a ƙarshen Nuwamba aka ba da umarnin buɗe layukan. Duk wadda ta karɓi kuɗin mutane a kan kayan da ba ta riƙe ba, ta san irin zullumin da ta shiga a lokacin. Alhamdu lillahi an samu sauƙi, har aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari a Nuwamba 2024 bayan shekaru tana rufe. Duk da haka darasin yana nan: in direba ya ce miki Talata, ke ki ce wa mai saye Alhamis. Kaya ya riga alkawari isowa ya fi alkawari ya riga kaya.

Farashi ma haka. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayu 2023, kowa ya ga yadda kuɗin mota da na kaya ke iya sauyawa tsakanin kasuwa da kasuwa. Kayan da ba ya hannunki, kada ki yanke masa kuɗi sai kin ji daga bakin wanda kike sara a wurinsa a ranar.

Wannan magana tana da tushe a addini. Malamai sun karantar da mu cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana sahabinsa Hakimu ɗan Hizamu sayar da abin da ba ya wurinsa. Amma shari'a ba ta rufe ƙofa ba. Akwai cinikin salam, inda ake biya tun farko a kan kaya da aka siffanta sarai, aka san adadinsa da lokacin kawo shi. Akwai kuma wakilci, wato ki fito fili ki ce: "Ni saro miki zan yi, ga kuɗin kaya, ga na mota, ga la'adata." Kowanne da sharuɗɗansa, sai ki tambayi malamarku ta Islamiyya, ko maigida ya tambayo miki malam.

Saura maganar "ajiye mini". Wata za ta ce ki ajiye mata, ki hana mutum uku, ita kuma ta yi shiru. Ki sa wa ajiya iyaka cikin ladabi: "To Maman Abba, na ajiye miki zuwa gobe da magariba, in kin ba da kafin alƙalami kuma sai ya jira ki har mako." Idan mutum biyu suka nemi abu guda, wadda ta riga ita ce da shi, ko da ta biyun 'yar uwarki ce ko ta fi tayawa. Kuma kada ki ce "saura ɗaya, yi sauri" alhali goma ne a ɗaki. Mata suna haɗuwa a gidan suna, kuma suna hira.

Daga ƙarshe, sabis yakan ɗauke, caji yakan ƙare, wata ma da wayar maigida ko ta ɗanta take sana'ar. Ki sanar da masu sayenki lokacin da kike duba saƙo, misali da hantsi da bayan isha'i. In kin makara, fara da ba da haƙuri, sannan ki sake duba kayan kafin ki amsa, don wataƙila abin da ke nan da safe yaro ya fita da shi da rana. Saƙon murya ya wadatar ga wadda ba ta karatu, amma adadi da kuɗi da rana a maimaita su a fili, domin su zama shaida a tsakaninku.

Uwargida, ke ba ki da rumfa a kasuwa, ba ki da allon suna a bakin titi. Sunanki a bakin mata shi ne rumfarki. Allah ya sa albarka a nemanmu, ya zaunar da ƙasar Birnin Gwari da Nijeriya baki ɗaya lafiya.