Lakar Fulawa: Yadda Ake Haɗa Ta Da Amfaninta Ga Ƙananan Yara

Duk wanda ya tashi a karkara ya san wasan laka. Da ruwa ya ɗauke, sai yara su bazama bakin kududdufi su ɗebo yumɓu, su yi ta gina shanu da raƙuma da 'yan tukwane. A nan yankin Abuja ma, marigayiya Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar Naira 20, tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane a gida, kafin ta shiga cibiyar Michael Cardew a 1954, a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu.

To amma yaron da ke zaune a bene a Wuse ko Garki, ga tsakar gida duk siminti, ina zai ga yumɓu? Akwai lakar kanti irin su Play-Doh, sai dai ba kowace uwa ke iya saye ba. Ga hanya mai sauƙi.

A sami fulawa kofi 2, gishiri kofi 1, man gyaɗa cokali 2. A zuba a kwano, a riƙa tsiyaya ruwan ɗumi kaɗan-kaɗan ana cuɗawa har ya daina kama hannu. Mai son launi sai ya sa ruwan zoɓo ko garin kurkum. Gishirin ne ke hana kwaɓin saurin lalacewa, kuma saboda yawansa tilas a sa ido kada yaro ya haɗiye. A adana a roba mai murfi, domin iskar hunturu kan busar da shi nan da nan.

Wasan yana ƙarfafa yatsun da yaro zai riƙe fensir da su gobe. Amma abin da ya fi jan hankalina a matsayin ɗalibin harshe shi ne kalmomi. Duba dai: cuɗa, murza, mulmula, lailaya, dunƙula, gutsura. Da wuya ka bayyana wa ɗan shekara 3 bambancin "mulmula" da "dunƙula" da baki kawai, amma hannunsa na cikin kwaɓi zai gane. A gari irin Abuja, inda yara da yawa ke wuni cikin Ingilishi a makaranta, irin waɗannan aikatau ne ke fara kuɓuce musu. Saboda haka idan uwa ta zauna tare da yaron, ta riƙa kiran sunan kowane aiki da Hausa yana yi, ta kuma tambaye shi me ya gina, ta bar shi ya ba ta labarin saniyarsa.