Digiri 60 da Cokali 6: Lissafin Abincin Rana Ga Masu Aiki a Mafara, Bakura da Maradun

Mai sana'ar POS ba ya iya barin rumfa. Haka mai cajin waya, da mai gyaranta, da yaron shagon kwamfuta da ke buga wa ɗaliban Kwalejin Abdu Gusau takardu. Idan kuwa ranar Talata ce, ranar da kasuwar Mafara ke ci, ba a ma magana: minti goma a wajen mai abinci ya isa kwastoma ya wuce rumfar gaba. Shi ya sa abincin ranar da yawansu bai wuce abin da hannu zai kai ba, wato biredi ko biskit, a kora da lemon kwalba mai sanyi. Ciki zai ɗauka, amma kafin La'asar kasala ta sauko, ido na rufewa a kan sikirin, yunwa kuma ta dawo kamar ba a ci komai ba.

Abin takaicin shi ne a yankin da abinci ke fita ake yin wannan. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Kogin Sakkwato, an tsara ta ne don ta shayar da hekta kusan 23,000 a ƙasashen Talata Mafara, Bakura da Maradun. Shinkafa, kudaku, albasa, tumatir, tattasai da rake duk daga nan ake loda su zuwa wasu garuruwa. Wanda ke zaune a nan ya fi mutumin Abuja kusa da abinci mai kyau. Abin da ya rage masa shi ne ya ɗauko shi daga gida ya iso da shi wurin aiki lafiya, sannan kada ya ɓata shi da abin da zai kora. Lambobi biyu ne ke riƙe da wannan, kuma kalkuletar waya ta isa a lissafa su.

Lamba ta farko: digiri 60

Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a abinci idan zafinsa yana tsakanin digiri 5 da digiri 60. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye haka kawai: ko dai ya zauna da zafinsa sama da 60, ko a sanyaya shi ƙasa da 5. Hukumomin abinci na Amurka ma sun rage lokacin zuwa awa ɗaya idan zafin gari ya haura digiri 32. To a bazarar Zamfara, cikin Maris da Afrilu, ana kai wa 40. Abincin da aka zuba a roba ƙarfe bakwai na safe, aka rataye shi a babur daga Mafara zuwa Maradun, aka buɗe bayan Azahar, ya yi awa shida ko bakwai a daidai zafin da ƙwayoyin suka fi so.

Shinkafa ce ta fi yaudara. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus wadda irinta ba ya mutuwa da dafuwa. Idan shinkafar ta huce ta zauna, sai ya farfaɗo ya saki guba, gubar kuma ɗumame ba ya kashe ta. Shinkafar ba lallai ta yi wari ko yami ba, sai dai bayan 'yan awoyi mutum ya kama amai ya ɗora wa ruwan da ya sha laifi.

A nan ne tallan kwanon ɗumama abinci na USB, wanda ke yawo a TikTok da Facebook, yake buƙatar a tsaya a duba shi. Ɗumama rabin kilo na abinci daga digiri 30 zuwa 70 yana cin kusan wat-awa 20. Fawa bank mai 10,000mAh wat-awa 37 ce a rubuce, abin da ke fita a zahiri kuwa bai kai haka ba. Ke nan kwano ɗaya zai kusa shanye ta kaf, a bar waya da jan layi. Sannan kafar USB ta gama-gari wat 10 take bayarwa, wato sai an yi jiran awa biyu, wannan ma idan zafin bai zurare ta gefe ba. Masu amfani da wutar gida ko ta mota, masu wat 40 zuwa 60, sun fi su aiki, kuma shagon da ke da sola zai iya ɗaukar su. Amma duk ɗumamawa suke yi. Awoyin da abincin ya yi a huce kafin a jona su, babu abin da za su iya yi a kai.

Na'urar da ta cancanci kuɗinta a nan ba ta da batir ma: kular ƙarfe mai bango biyu, wadda aka zuƙe iskar da ke tsakanin bangayen, irin ƙirar filas ɗin shayi. Manyan kulolin roba na biki ba su kai ta riƙe zafi ba. Gwajinta mai sauƙi ne: a zuba tafasasshen ruwa a rufe, bayan 'yan mintuna a taɓa jikinta. Idan waje ya yi zafi, to zafin zurarewa yake, a mayar wa mai shago kayansa. Kafin a zuba abinci kuma a fara ɗuma ta da ruwan zafi na minti biyar zuwa goma, a zuba abincin yana tiriri daga tukunya, a cika ta sosai, kar a riƙa buɗewa ana leƙe.

Me za a zuba?

Abinci mai ɗan ruwa-ruwa ya fi riƙe zafi, don haka faten wake, faten kudaku da alayyafo, da shinkafa da wake mai miya su ne 'yan gidan kula. Dambun masara ko na shinkafa mai zogale da yawa shi ma yana zama, idan an danna shi ya cika. Ma'aunin da ya fi sauƙin tunawa shi ne ganye da kayan lambu su cinye rabin kwano, wake ko kifi ko nama su ɗauki kwata, hatsi ya ɗauki sauran kwatan. Yadda aka saba shi ne akasin haka, tulin farar shinkafa da ɗigon miya a ka. Wake da ganye suna jan narkewar abinci, sukari ya shiga jini a hankali, wanda hakan ke rage kasalar nan ta bayan Azahar.

Wanda bai sayi kula ba tukuna, busasshen abinci ne mafitarsa, kuma Zamfara ba baƙuwa ba ce a nan. Hoce da ƙuli-ƙuli sun daɗe suna raka matafiya da manoma, kuma dawa da gyaɗa haɗi ne mai riƙe ciki. A ƙara da soyayyar gyaɗa, ko busasshen kifi, ko ɗan kilishi idan aljihu ya yarda. Tumatir da albasa da kokwamba a wanke su da ruwa mai tsabta a tafi da su ɗungurungum, sai lokacin ci a yanka, domin yankakken kayan lambu ba ya jimirin zafi. Alale, awara, dafaffen ƙwai da kwaɗon zogale abinci ne masu kyau ƙwarai, amma na hantsi ne. Kar a bar su su kai La'asar a cikin jaka.

Idan roba za a yi amfani da ita, a juya gindinta. Mai lamba 5 a cikin alamar kusurwa uku ita ce ke jure zafi. Mai lamba 1, irin ta ruwan gora da lemo, ba a yi ta don abu mai zafi ba, balle leda. Sai wanke hannu: hannun da ya wuni yana ƙirga kuɗi da shafa wayoyin mutane bai kamata ya faɗa kwano kai tsaye ba, musamman da damina lokacin da amai da gudawa ke yawan ɓulla.

Lamba ta biyu: cokali 6

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a rana, wato kusan giram 50 ga babba. Ta ƙara da cewa ya fi kyau a sauko zuwa rabin haka, giram 25. Ƙaramin cokalin shayi giram 4 ne, ke nan cokali 6 a wuni.

Yanzu a ɗauki kwalbar lemo, a ja rubutun bayanta da kyamarar waya, don da gangan ko ba da gangan ba ƙanana ake yin sa. Yawanci adadin sukari a kowane mililita 100 ake rubutawa. Idan an ga giram 10, kwalbar kuma mai santilita 50 ce, a ninka sau biyar: giram 50, a raba da huɗu, cokali 12 da rabi. Kason kwana biyu ke nan a zama ɗaya, ba a lissafa shayin safe ba. Gwamnatin Tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace litar irin waɗannan lemuka a Dokar Kuɗi ta 2021, sai dai naira biyar a kan kwalba ba ta isa ta sa kowa ya ajiye ba.

Da mutum ya gane haka, sai ya juya neman madadi, a nan kuma ake cin kasuwarsa. Zuma tana da daraja a addini da kuma magani, babu mai musun wannan. Amma kusan kashi 80 cikin 100 na nauyinta sukari ne, kuma hukumar ta lissafa ta cikin cokali shidan nan. Babban cokali na zuma yana ɗauke da giram 17 na sukari, na farin sukari kuwa bai wuce 13 ba, saboda zuma ta fi nauyi. Amfaninta a kofi shi ne ta fi zaƙi da ƙamshi, kaɗan ta isa. Wanda ya cire cokali uku na sukari ya maye da uku na zuma ƙari ya yi. Ba a kuma ba jaririn da bai shekara ba. Gwaje-gwajen gane ta gaskiya da ashana ko kofin ruwa da ake yaɗawa a WhatsApp su ma ba abin dogaro ba ne.

Mazarƙwaila ruwan rake ne da aka dafa ya daskare ba tare da tacewa ba. Tana da ɗan sinadarin ƙarfe da sauran abubuwan da farin sukari ya rasa, amma kafin mutum ya samu abin kirki daga cikinsu ya sha sukarin da ya fi ƙarfinsa. A jini ita da farin sukari kusan ɗan Juma ne da ɗan Jummai.

Dabino ne ya ɗan fita daban, shi ma da sharaɗi. Kusan biyu bisa uku na nauyinsa sukari ne, amma idan aka tauna shi ɗaya-ɗaya yana zuwa da zare-zarensa, yana ƙosarwa, kuma hukumar ba ta sa sukarin da ke cikin cikakken ɗan itace a lissafin ba. Ƙwaya biyu ko uku bayan abinci sun isa su kashe kwaɗayi. Da zarar an dafa shi an tace ya zama ruwa mai kauri a kwalba, ya koma sahun zuma. Haka lamarin yake ga rake: wanda ya tauna gaɓa biyu muƙamuƙi zai tsayar da shi, mai shan matsattsen ruwansa kuwa babu mai taka masa birki. Goruba, aya, magarya da gwaiba duk suna cikin masu wannan birkin.

Sai sitibiya, ganyen Kudancin Amurka da ake sayar da garinsa a intanet da sunan sukari marar illa. Abin da ake tatsa daga cikinsa ya ninka sukari zaƙi sau ɗari biyu ko fiye, kuma ba ya ɗaga sukarin jini, sai dai wasu kamfanonin suna cakuɗa shi da garin sitaci ko gulukos don ya yi auki, don haka a karanta bayan fakiti. A watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da irin waɗannan masu zaƙi, har da sitibiya da sakarin ɗin da wasu masu zoɓo da kunu ke sakawa, don rage ƙiba, saboda ba a ga suna yin hakan a dogon lokaci ba. Shawarar ba ta haɗa da waɗanda suka riga suka kamu da ciwon sukari ba. Su maganarsu tana wajen likita da na'urar awon jini, kuma zuma da dabino duk suna cikin abin da za su tambaya a kai.

Abin da ya fi aiki shi ne a sauko da harshe a hankali. Mai shan cokali huɗu a shayi ya koma uku na mako biyu, sannan biyu; bayan ɗan lokaci tsohon shayinsa zai gundure shi. Zoɓon gida da aka ba citta, kanumfari da ɓawon abarba ba ya neman sukari da yawa, domin ƙamshi na cike gurbin zaƙi. Kunun aya ma dabino kaɗan ya ishe shi, sai dai shi da fura da nono ba sa jure zafi, a sha su da wuri.

Sanyi kuwa, wanda sau da yawa shi ne ainihin abin da ke jan mutum zuwa firjin mai shago, yana da tsohuwar dabara. Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, ya samu kyautar Rolex a 2000 saboda yaɗa tukunya cikin tukunya: ƙarama a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan da ke bushewa daga jikin babbar shi ke janye zafi, kuma ta fi aiki a busasshiyar iska irin ta bazarar Bakura da Maradun. Ba ta kai digiri 5 ba, don haka ba wurin ajiye dafaffiyar shinkafa ba ce. Amma gorar ruwa, gorar zoɓo, tumatir da kokwamba za su wuni a cikinta da sanyinsu a ƙarƙashin teburin POS, yashin kawai za a riƙa jiƙawa safe da rana.